Sahu da ginshiƙi: me ya sa ake ninka matiris ta wannan bauɗaɗɗiyar hanya?

Ɗiyar ƙanwata ta shigo bayan isha'i da kayenta a hammata, fuska a murtuke. Shekararta ta farko ke nan a jami'a, kuma sun shiga babin matiris, wato lambobin nan da ake jerawa layi-layi a tsakanin baka biyu. Ta ajiye kayen bisa tabarma ta ce, "Kawu, tarawa na gane, ɗebewa na gane. Amma wa ya ce a ninka haka? A ɗauko layin kwance na wannan, a ɗauko layin tsaye na waccan, a yi ta kai da kawo. Me ya hana a ninka kowace lamba da takwararta, yadda aka yi wajen tarawa?"

Na ɗan yi shiru, don ni ma lokacin da aka koya mini hadda na yi. Da yatsu biyu na ci jarrabawa, na hagu yana tafiya gefe, na dama yana gangarawa ƙasa, ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba. Sai da na yi wata damina ina riƙe wa wani ɗan uwa littafin ciniki a rumfar hatsi na lura ashe abin da yatsun nan ke yi, shi masu awo ke yi da ka tun safe har la'asar. Tambayar yarinyar nan ita ce gindin babin gaba ɗaya. Wanda ya samu amsarta, sauran dokokin ba sai ya haddace su ba, da ƙafarsu za su zo.

Mu fara raɗa wa abubuwa suna. Layin da ke kwance zan kira shi sahu, wanda ke tsaye kuma ginshiƙi, kamar dai a masallaci. Matiris mai sahu 2 da ginshiƙi 3 ana ce mata 2 × 3, kuma sahu ake fara ambata kullum.

A ce ranar Alhamis ce a kasuwar Dole. Mata biyu suna awo wurin mutum ɗaya: mai fura daga Birni, da mai ƙosai da koko daga Zango. Mai fura ta auni gero tiya 6, dawa 2, wake 1. Mai ƙosai ta auni gero 3, dawa 1, wake 5. Ga shi a rubuce:

6  2  1
3  1  5

Kowane sahu mace ce, kowane ginshiƙi irin hatsi ne. In wata Alhamis ta zagayo mai fura ta auni 4, 0, 1, mai ƙosai ta auni 2, 2, 6, jimillar mako biyu ba ta bukatar malami: gero da gero, dawa da dawa, wake da wake. Mai fura 10, 2, 2. Mai ƙosai 5, 3, 11. Tarawar matiris ke nan, iyakarta ke nan. Dokar da ke cewa sai masu siffa ɗaya ake tarawa, hankali ne kawai: ba a tara waken wata da dawar wata.

Ninkawa da lamba guda kuwa, duk ɗan Nijar yana yin ta ba tare da ya sani ba. Da dala muke ciniki, takarda kuma da sefa ake rubuta ta, dala ɗaya sefa 5. In farashin tiya dala 100 ne gero, 80 dawa, 150 wake, mai son rubutawa da sefa sai ya bi kowace lamba ya ninka da 5: 500, 400, 750. Baƙon da ya ji an ce "ɗari" ya miƙa sefa 100 aka yi masa dariya, wannan darasin ne bai ɗauka ba. (Farashin nan duk na misali ne, kada mai awo ya kama ni da shi.)

To, ga inda gizo ke saƙa. Mai fura tana son sanin nawa za ta biya. Me za ta yi? Gero 6 sau 100, dawa 2 sau 80, wake 1 sau 150, sannan ta haɗa: 600 da 160 da 150, dala 910. Ka duba da kyau abin da ya faru. An ɗauko sahun awonta, an ɗauko ginshiƙin farashi, an ninka su biyu-biyu, an tara, lamba ɗaya ta fito. Wannan shi ne tafiyar yatsun nan biyu, ba ƙari ba ragi. Ba wani masani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi don wahalar da ɗalibai ba.

Yanzu a ce farashin kashi biyu ne, na kaka lokacin da hatsi ke arha, da na bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Sai a jera su ginshiƙi biyu, kowane sahu irin hatsi:

100  180
80  150
150  240

Mata biyu, lokaci biyu, tambaya huɗu ke nan. Mai fura a kaka mun riga mun samu, 910. Mai fura a bazara: 1080 da 300 da 240, 1620. Mai ƙosai a kaka: 300 da 80 da 750, 1130. Mai ƙosai a bazara: 540 da 150 da 1200, 1890. Sakamakon:

910  1620
1130  1890

Na ce wa yarinyar ta gaya mini ina hatsi ya tafi. Ta duba, ta sake dubawa. A jadawalin farko akwai mata da hatsi, a na biyu akwai hatsi da lokaci, a na uku kuwa mata da lokaci kaɗai suka rage. Hatsi ya yi aikin dillali a kasuwar dabbobi: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, aka sa albarka, ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Shi ya sa 2 × 3 in ta ninka 3 × 2 take ba da 2 × 2. Ukun tsakiya ne ke ɓacewa. Shi ya sa kuma dole yawan ginshiƙan ta farko ya yi daidai da yawan sahun ta biyu. In kin auni hatsi iri uku aka ba ki farashin iri biyu, lissafi ya tsaya, ba don littafi ya hana ba.

Irin ninkawar da take so, kowace lamba da takwararta, akwai ta. Tana ma ɗauke da sunan wani Bafaranshe, Jacques Hadamard, kuma ana amfani da ita a wasu wurare. Sai dai ba ta yin wannan aikin na dillanci, kuma aikin dillancin ne ya sa matiris ta zama abin da ta zama.

Misalin kasuwa yana da iyaka, domin yana sa mutum ya ɗauka matiris ma'ajiya ce ta lambobi, kamar littafin bashi. Fahimtar da ta fi zurfi ita ce matiris aiki ce. Ana ba ta jerin lambobi, ta sarrafa shi, ta miƙo wani jerin. Jadawalin farashi ka ba shi awo ya ba ka kuɗi. Da zarar ka kalle ta a haka, ninka matiris biyu ma'anarsa ɗaya ce: a yi wannan aiki, sannan a yi wancan, a nemo aiki guda da zai tsaya a madadinsu. Arthur Cayley, Baturen Ingila da ya rubuta bayanin da aka gina fannin a kansa a 1858, ta wannan hanya ya iso ga dokar. Lauya ne a lokacin, lissafi a gefe yake yi. Abokinsa James Joseph Sylvester shi ya raɗa sunan a 1850, daga kalmar Latin mai nufin mahaifa.

Mu gwada da abin da ido ke gani. Tsaya a tsakiyar Damagaram. Gabas hanyar Gure, arewa hanyar Tanut, yamma hanyar Maradi, kudu hanyar Magarya. Kowane wuri za a iya faɗinsa da lamba biyu: taku nawa gabas, taku nawa arewa. Taku ɗaya gabas shi ne (1, 0), taku ɗaya arewa (0, 1), yamma da kudu kuma su ɗauki alamar ɗebewa. Aiki na farko: juyawa hagu, rubu'in da'ira. Gabas ta koma arewa, arewa ta koma yamma. Matiris ɗinsa:

0  −1
1  0

Ga wani sirri da na so a ce an gaya mini tun ina saurayi. Ginshiƙi na farko, 0 da 1, ba komai ba ne illa inda gabas ta sauka, wato arewa. Ginshiƙi na biyu, −1 da 0, inda arewa ta sauka ne, wato yamma. Kowace matiris haka take: ginshiƙanta suna gaya maka inda takun asali suka je. Wanda ya san wannan yana karanta matiris kamar wasiƙa.

Aiki na biyu: kifawa, arewa ta koma kudu, kudu ta koma arewa, gabas da yamma ko a jikinsu. Sahunta na farko 1, 0. Na biyu 0, −1.

Mutum yana fuskantar Gure. Ka juya shi hagu, yana kallon Tanut. Ka kifa, ya koma kallon Magarya. Yanzu sake daga farko, amma ka fara da kifawa. Yana kallon Gure, kifawa ba ta taɓa shi ba. Ka juya shi hagu, yana kallon Tanut. Aiki iri ɗaya guda biyu, mutum ɗaya, amma wani jerin ya kai shi kudu, wani ya kai shi arewa. Wannan shi ne abin da ke rikita ɗalibai, cewa A sau B ba lallai ta zama B sau A ba. Tun lakwal ta fari an saba 3 sau 4 da 4 sau 3 duk 12 ne, sai ga shi an zo inda abin ya ƙi. Amma ai lambobi ne baƙi a wannan hali, ba matiris ba. A rayuwa aiki bayan aiki kusan kullum yana da gaba da baya. Matar da ta yi shiƙa kafin sussuka, iska kawai ta sha. Sai a kula da wani tarko na rubutu: in an rubuta AB aka ɗora ta kan jeri, B ce ke fara aiki, don ita ke maƙwabtaka da jerin. Daga dama ake karantawa, kamar ajami.

Wannan rashin musanyawa ba ƙaramin abu ba ne a kimiyya. A 1925 wani matashi Bajamushe, Werner Heisenberg, yana neman dokokin da ke tafiyar da ƙwayar zarra, ya tarar lissafinsa na fitar da wasu jadawalai da ninkinsu ke canzawa in an sauya jeri. Abin ya dame shi, don bai san matiris ba. Malaminsa Max Born ne ya gane ashe ninkawar da ya taɓa koya ce tun yana ɗalibi.

Misalin da na fi so dai na awaki ne, don shi ne ya sa yarinyar ta gyara zama. A ce garke kashi biyu ne, ƴan awaki mata da manyan awaki. A shekara mai kyau, kowace babba tana ba da ɗiya mace ɗaya da ta rayu, 6 cikin 10 na ƙanana suna kai girma, 7 cikin 10 na manya suna nan, sauran an sayar, an yanka, ko sun mutu. Matiris ɗin shekara ke nan:

0  1
6/10  7/10

Fara da ƙanana 100, manya 120. Baɗi ƙanana 120 ne, manya kuma 60 da 84, wato 144. Yanzu a kawo shekarar fari, inda haihuwa ta koma rabi, 3 cikin 10 na ƙanana ke kai labari, rabin manya ke saura. In mai kyau ta fara zuwa sannan fari ya biyo, 120 da 144 za su koma ƙanana 72, manya 108, garke 180. In fari ne ya fara, 100 da 120 za su koma 60 da 90, sannan shekara mai kyau ta mai da su 90 da 99, garke 189. Shekaru biyun nan su ne dai, amma akuya tara na tsakanin wanda ya fara da wanda ya biyo. Duk makiyayin da ke kiwo tsakanin Tanut da Belbeji ya san ba ɗaya ba ne fari ya same ka da ƙanana da yawa ko da manya da yawa. Matiris ta sa masa lamba ne kawai.

Akwai wani abu kuma a ɓoye cikin lambobin nan. 100 ta koma 120, 120 ta koma 144: kowanne ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, kuma rabon ƙanana da manya, 5 da 6, bai motsa ba. Da gangan na zaɓe su. Fara da wani garken daban, a ce manya 100 ba ƙarama ko ɗaya. Shekara ta farko 100 da 70, ta biyu 70 da 109, ta uku 109 da kimanin 118, ta huɗu kimanin 118 da 148. Yana tangaɗi, yau ƙanana sun fi, gobe manya sun fi, amma tangaɗin na raguwa, yana neman wannan rabo na 5 da 6. Irin wannan matiris tana da jerin lambobin da ta fi so, wanda ba ta karkatar da shi, miƙa shi kawai take yi, kuma in ka yi ta ninka ta da kanta can take jan kowa. Masu nazarin yawan dabbobi suna amfani da irin wannan jadawali tun aikin Patrick Leslie na 1945. Da irin wannan jeri ne kuma Larry Page da Sergey Brin suka jera shafukan intanet bisa daraja lokacin da suka kafa Google a 1998: wata ƙatuwar matiris ta wane shafi ke nuna wane, ana ninkawa ana ninkawa har lambobin su natsu.

Sai ta ce, "To kawu, rabawa fa? Mushe, malaminmu, ya ce babu rabawa a matiris." Gaskiyarsa, amma akwai warwara. In matiris aiki ce, tambayar ita ce ko akwai wani aikin da zai mai da abu yadda yake da. Juyawa hagu, juyawa dama ke warware ta. Kifawa, ita ke warware kanta. In ka haɗa aiki da warwararsa sai ka samu matiris ɗin ba-ruwana, mai 1 a kan layin da ya ratsa daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sifili a ko'ina. Duk abin da ka ba ta shi za ta mayar maka. Dokar da ke cewa warwarar AB ita ce warwarar B sau warwarar A, da jerin a juye, dogarin da ke ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya fi kowa saninta. Da safe hula yake fara sawa sannan ya naɗa rawani. Da dare rawani yake fara warwarewa kafin ya kai ga hula.

Amfanin warwara shi ne komawa daga sakamako zuwa sanadi. Wata ta ce ta auni gero tiya 2 da wake 1 a dala 350. Wata ta ce gero 1 da wake 3 a dala 550. Ba wadda ta tuna farashin tiya. Ninka maganar ta biyu sau 2: gero 2, wake 6, dala 1100. Ɗebe ta farko daga ciki, gero ya fita, saura wake 5 a dala 750. Wake 150, gero kuwa 100. Wancan 5 da ya fito kafin a raba, ba haka kawai ya faɗo ba. In ka jera awon matan biyu a matiris, sahun farko 2, 1, na biyu 1, 3, shi ne 2 sau 3 a ɗebe 1 sau 1, lambar da ake kira detarminan. Tana da fassara ta ido: in ka zana fili mai taku ɗaya kowane gefe ka bi da shi ta wannan matiris, faɗinsa zai ninku sau 5.

In detarminan ta zama sifili fa? A ce mace ta biyu cewa ta yi gero 4 da wake 2 a dala 700. To 2 sau 2 a ɗebe 1 sau 4, sifili. Ba ta kawo sabon labari ba, maganar ta farko ta maimaita da babbar murya. Gero 100 da wake 150 ya yi daidai, gero 125 da wake 100 ma ya yi daidai, amsoshi ba iyaka. In kuwa 800 ta ce, babu amsa sam. Ko an cuce ta, ko ta manta. Matiris mai detarminan sifili tana murƙushe fili ya koma layi, kamar yadda inuwa ke mai da mutum shimfiɗaɗɗe a ƙasa, kuma daga inuwa ba a sake gina mutum. Daga nan ne wani abin mamaki ke fitowa: ka share takun arewa ka bar na gabas, sannan ka share na gabas ka bar na arewa, ba abin da ya rage. Matiris biyu, ba wadda take sifili, ninkinsu sifili. A lambobi wannan ba ya yiwuwa.

Abin da littattafan aji ba su cika tsayawa a kai ba, kuma a ganina ya fi sifilin kansa haɗari, shi ne kusa da sifili, wato sahu biyu da suka kusa zama ɗaya. Wani ya sayi gero 20 da wake 10 a dala 3500, wani gero 21 da wake 10 a 3600. Bambanci tiya ɗaya, dala 100, amsa ta fito daidai. Amma a ce na biyun ya yi ciniki an rage masa dala 50, ya biya 3550. Lissafi zai ce gero dala 50 ne, wake 250. Rangwamen da bai kai kashi 2 cikin 100 ba ya raba farashin gero biyu. Ba kuskuren mai lissafi ba ne, bayanan ne ba su da ƙarfin ɗaukar tambayar. Tunda duk awon duniya akwai ɗan tozo ko ɗan rami a bakin tiya, injiniya da mai hasashen damina sun fi tsoron wannan a kan komai.

Dabarar nan ta ninka sahu a ɗebe shi daga wani har a kori abin da ba a sani ba ɗaya bayan ɗaya, a aji ana jingina ta ga Carl Friedrich Gauss, Bajamushen da ya rayu daga 1777 zuwa 1855, wanda ya yi aiki da ita wajen lissafin tafiyar duwatsun sararin sama. Amma ta girme shi nesa ba kusa ba. Tana cikin babi na takwas na wani littafin ƙasar Sin mai babi tara, wanda ya kai shekara dubu biyu, kuma tambayar farko a babin kamar a gonar Mirya aka yi ta. Dami 3 na hatsi mai kyau, 2 na matsakaici, 1 na baya sun ba da awo 39. Dami 2, 3, 1 sun ba da 34. Dami 1, 2, 3 sun ba da 26. Nawa kowane dami ke bayarwa? Amsa: 9 da kwata, 4 da kwata, 2 da kwata uku. Da ƴan sanduna suke jera lambobin bisa allo, suna ɗebe layi daga layi, kuma Liu Hui da ya yi wa littafin sharhi a shekara ta 263 ya bayyana yadda ake bambanta lambar samu da ta bashi da jan sanda da baƙi. Detarminan ma ta riga sunan matiris zuwa duniya: Seki Takakazu ya yi bayaninta a Japan a 1683, Leibniz, wani masani Bajamushe, kuma ya ambace ta a wata wasiƙa a 1693. Kalmar aljabra kanta daga littafin Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. In ɗalibi ya ce mini wannan karatun Nasara ne, nakan ce masa Nasara ya zo ya tarar ana yi.

Saura maganar tsada, wadda ita ce ta sa babin nan ya zama na kuɗi a yau. Kowace lamba a sakamako tana cin ninki gwargwadon tsawon sahu. Matiris biyu masu 1000 × 1000 suna da gurbi miliyan ɗaya a sakamakonsu, kowane gurbi ninki 1000, jimilla biliyan ɗaya. Ka ninka girman sau 10, aikin ya ninku sau 1000. A nan wata doka mai kama da wasa take ceton rai: gaba da baya ba sa sauyuwa, amma inda za ka fara haɗawa zaɓinka ne. In za ka bi da jerin lambobi ɗaya ta cikin matiris biyun nan, A da B, ka fara ninka su da juna ka biya biliyan. Ka bi da jerin ta B, abin da ya fito ka bi da shi ta A, miliyan biyu kacal. Amsa ɗaya, wahala ta ragu kusan sau 500.

An daɗe ana zaton hanyar yatsu biyu ita ce mafi arha, har 1969 da Volker Strassen ya nuna ana iya ninka 2 × 2 da ninki 7 maimakon 8, a biya da ƙarin tarawa. Ɗaya cikin takwas kamar ba komai ba, amma ana yanka babbar matiris gida huɗu, kowane gida a sake yanka shi huɗu, ribar na hawa kan riba. Har yau ba a gano iyakar arhar da za a iya kaiwa ba, ana nan ana nema. Dalilin naci kuwa yana aljihun kowa. Hoton da ke cikin salula matiris uku ne, ja da kore da shuɗi, kowane gurbi lamba daga 0 zuwa 255. Ka juya hoton ko ka ƙara masa haske, ɗaya daga ayyukan da muka bi ne ya gudana. Manhajojin da ke fassara magana ko amsa tambaya, mafi yawan aikin da ke cikinsu sahu ne ke haɗuwa da ginshiƙi, sau biliyoyi. Na'urorin da kamfani irin Nvidia ya ƙera don zanen wasannin kwamfuta, ƙwarewarsu ninka matiris da yawa a lokaci ɗaya ce, shi ya sa suka zama abin rububi.

Muna cikin haka wuta ta ɗauke. Ta kunna fitilar salula ta jawo kayen, ta buɗe aikin gida na gobe: a nemo warwarar wata 3 × 3 mai sahu 1, 2, 3, sai 2, 0, 1, sai 3, 2, 4. Ta ɗauki bik za ta fara doguwar hanyar da aka koya musu, sai ta tsaya, ta bi sahun da yatsa, sama, tsakiya, ƙasa.

"Kawu, wannan ba ta warwaruwa. Sahu na uku ba shi da labari, na ɗaya da na biyu aka tara."

Na karɓi fitilar na duba. 1 da 2, 3. 2 da 0, 2. 3 da 1, 4. Na miƙa mata kayenta, ta rubuta layi ɗaya a ƙasan tambayar ta wuce ta gaba.